Kwamfutar da ke Mutuwa Bayan La'asar

Ku samarin da ke kewaye teburina a kasuwar Umdurman, kallon kitse kuke yi wa rogo. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana ce wa wata baiwar Allah, tun ba ta gama zaro laftof ɗinta daga jaka ba, "Farmata za a yi mata, ya Hajja." Wato a share duk abin da ke ciki, a zuba sabuwar manhaja, a miƙa mata ta tafi. Bai tambaye ta yaushe na'urar ke mutuwa ba, bai tambayi inda take ajiye ta ba, ko tafin hannunsa bai kara a gindinta ya ji zafi ba. Wannan daidai yake da mutum ya zo maka da zazzaɓi, ka yi masa aski ka sallame shi. Zai fita fes, gobe kuma ya dawo yana rawar sanyi. Tunda yau kasuwa ta yi sanyi, ku jawo benci in ba ku labarin wata laftof guda ɗaya, wadda ta fi kowacce zama a raina.

A lokacin shagona yana kasuwar Suk al-Arabi a Khartum, a bene na biyu na wani tsohon gini da masu gyara suka cika maƙil. Wata safiya na ji ana hawowa matakala a hankali, ana tsayawa ana hutawa. Sai ga wani dattijo rungume da abu naɗe cikin sallaya. Faki Idrisu ne, malamin unguwarmu a Hajj Yusuf, abokin karatun mahaifina. Tushenmu ɗaya da shi. Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa da niyyar Makka, hanya ta zaunar da su a gonakin audugar Jazira, 'ya'yansu kuma suka gangaro birni neman abinci.

Na miƙe na ba shi kujerata. "Sannu da hawa, Baba."

"Wanda ya gina matakalar nan ba ya ƙaunar tsofaffi," in ji shi. "Haruna, an ce kai ne hakim ɗin waɗannan abubuwan, likitansu. To, ga marar lafiya na kawo maka."

Ya warware sallayar. Baƙar laftof ce mai nauyi, irin ta da, gefenta ya koɗe, an manna ɗan filasta a kan maɓallan da yake dannawa don kada ya ɓace hanya. Ɗansa Usman ne ya bar masa ita. Usman yana aiki a Maskat, ya auri 'yar garin Shandi, gidansa ba a jin komai sai Larabci, don shi kansa tun yana saurayi Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba. Suna da 'ya ɗaya, Amna. Kullum bayan la'asar Faki yakan buɗe laftof ɗin, yarinyar ta bayyana a fuskarta, ya biya mata karatun Alƙur'ani, in sun gama su yi hira da Hausa. A duk faɗin Maskat babu inda Amna ke jin harshen kakanninta sai ta wannan baƙin akwatin. Waya ba ta yi masa, idonsa ya yi rauni, kuma ya ce malamin da ba ya ganin bakin ɗalibi rabin kuskurensa yake ji.

"Muna tsakiyar aya sai ta ɗauke," in ji shi. "Wani lokaci shasha, fuskar nan tata, ta yi baƙi ƙirin, wani lokaci ta yi shuɗi da rubutun boko. Kafin in tayar da ita yarinya ta tashi ta tafi wasanta. Yanzu Usman ya ce akwai malami a masallacin kusa da su, in abin ya ci gaba a haka zai kai ta can kowa ya huta." Ya shafa murfin. "Karatu za ta samu a can, ban ce ba. Wataƙila ma ya fi ni. Amma wa zai ce mata ina kwana?"

Kafin in faɗa muku abin da na yi, sai kun san hannun da ya rene ni. Usta Babikir ne, wani dogon mutum mai saurin fushi, wanda ya faro daga gyaran rediyo da talabijin kafin kwamfuta ta shigo gari. Mahaifina, tela ne, shi ya kai ni wurinsa bayan na bar makaranta. Watannin farko ban taɓa komai ba sai kusoshi. Yakan ba ni tiren ƙwai na kwali, kowane rami na kusoshin da aka kwance daga wuri ɗaya. In an gama haɗa na'ura kusa ɗaya ta yi saura, sai in sake kwance ta kaf in nemo inda kusar ta fito, shi kuwa yana shan shayinsa ko kallona ba ya yi. Na tsani tiren nan kamar me. Bayan kusoshi sai ya koya mini sauraro. Ya kunna na'ura ya ce in kara kunne, in bambance fanka mai lafiya da wadda ƙura ta shaƙe, in gane faifan ajiya, wanda muke kira had, in ya fara ƙas-ƙas kamar ɓera cikin kwali. Sai ya koya mini sunsuna, don abin da ya ƙone a ciki yana da wari nasa daban. Abu na ƙarshe da ya koya mini, wanda ya fi duka wuya, shi ne tambaya. Yakan ce, "Ya walad, kai yaro, na'ura ba ta ƙarya. Mai ita ne ba ya faɗin labarin duka."

A wurinsa na gane cewa mutuwar kwamfuta kala-kala ce. Wadda ke ɗaukewa ɗif kamar an hure fitila, ka fara zargin zafi ko wuta: fanka, caja, batir. Wadda ke yin shuɗi ta zubo rubutu, ka karanta rubutun tukuna, don tana gaya maka inda ke mata ciwo ne, sau da yawa ram ne, ɗan allon da na'ura ke riƙe aikin da take kan yi a cikinsa, wani lokaci wata manhaja ce da aka sa ta ƙi jituwa da sauran. Wadda ke sandarewa, kibiya ta tsaya cak ba ta gaba ba ta baya, ka saurari had. Kuma ba a gwada abu biyu lokaci guda. In ka canza ram ka canza caja tare, na'ura ta warke, ba ka san wanne ne ya warkar da ita ba, ba ka kuma koyi komai ba. Farmata ita ce ta ƙarshe, bayan ka kwashe wa mutum hotunansa da takardunsa ka ajiye a gefe.

Kayan aikin duka ba su cika jakar hannu ba. Ƙananan sukundireba, hantsaki, tsohon buroshin haƙori, famfon roba na hura iska, mita, ƙarfen narka dalma, kwalbar sifirit, robar goge fensir, sai farin man da ake shafa wa ƙwaƙwalwar na'ura don zafinta ya ratsa zuwa bututun tagulla fanka ta fitar da shi waje. Ranar da Usta ya sallame ni ya ba ni sukundirebansa mai jan mariƙi, wanda tafinsa ya cinye har ya yi santsi. Da shi na kwance laftof ɗin Faki.

Ina ɗaga murfin ƙasa na ga abin da na zata. Tsakanin fanka da ƙofar iska akwai wani dunƙule mai kauri kamar guntun bargo. Ƙurar Khartum ba baƙuwa ba ce a wurinmu, habub ɗaya, guguwar ƙurar nan, in ya taso sai mu yi sati muna sharar na'urori. Amma wannan ba ta hurewa da famfo. Launin ƙasa-ƙasa ce, tana danƙo, tana kama hantsaki, kuma tana ƙamshi. Ban ba ƙamshin muhimmanci ba, don kusan duk na'urar da ta fito daga gidan da akwai mace a ƙasar nan tana zuwa da ƙamshin bahur, turaren wutarmu. Na wanke fanka da sifirit, na kankare tsohon man da ya bushe kamar alli, na shafa sabo, na haɗa. Na ce wa Faki ya je, ta warke. Ya sa mini albarka har sai da maƙwabtana suka leƙo.

Ba a yi wata ba ya sake hawo matakalar. Wannan karon bai yi mini raha ba.

Na sake buɗe ta. Fanka tana juyawa lafiya, ɗan danƙo ne kawai ya fara taruwa. Na zare ram ɗaya na gwada da ɗaya, na mayar na zare ɗayan, duka biyun lafiya. Na saurari had, shiru. Na auna caja da mita, daidai take bayarwa. Na cire batir na bar ta a kan wuta kaɗai, na mayar na bar ta a kan batir kaɗai. Na duba inda na'ura ke rubuta tarihin faɗuwarta, ya nuna tana kashe kanta ne don zafi, kuma kusan kullum bayan la'asar. Sai na ajiye ta a kan teburina na ɗora mata aiki mai nauyi tun safe har muka rufe shago. Ko tari ba ta yi ba.

Irin wannan yinin na jira shi nake kewa yanzu fiye da komai. Kana zaune na'ura tana aiki, ido ɗaya a kanta. Mai shayin da ke gindin matakala ta aiko maka da jabana, gahawa mai citta. Da hantsi a haɗa kuɗi a sayo ful, dafaffen wake, a marmasa burodi a babban kwano, duk masu shagunan layin su tsugunna a kai, Bahaushe da Bajaali da ɗan Nuba, ana ci ana gardamar ƙwallo. In wani sashe ya yanke maka ba ka zuwa ko'ina, ka leƙa baranda ka ɗaga murya, wani daga ƙarshen layi ya wurgo maka. Daga ƙasa kuma kwandastocin hafila, motocin haya, suna kiran Bahri, Umdurman, Hajj Yusuf, har kiran sallar babban masallaci ya rufe muryarsu. A lokacin hayaniya nake ce mata, ina ƙorafin ciwon kai. Yau da za a mayar mini da ita na yini ɗaya, ban san abin da ba zan bayar ba.

Na mayar wa Faki laftof ɗinsa, ta sake mutuwa a hannunsa. A shagona lafiya, a gidansa gawa. Ruwa ba ya tsami banza. Na ce masa, "Baba, gobe bayan la'asar zan zo gida. Kada a canza komai don ni. Yadda kuke yi kullum, haka nake so in gani."

Na rufe shago da wuri, na hau hafila muka ƙetare gada, na ƙarasa da raksha, keke mai ƙafa uku. Zafin ranar nan ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Matar Faki, Hajja Zainaba, ta tarbe ni da ruwan tulu, ta yi mini faɗan rabona da gidan, ta tambayi mahaifiyata da yarana ɗaya bayan ɗaya. Sannan aka shiga ɗakin karatu, ni kuma na zauna a kusurwa na naɗe hannu.

Faki ya hau angareb ɗinsa, gadon igiya, ya harɗe ƙafa. Ya jawo wani matashin kai na auduga, mai kauri da laushi, ya ɗora laftof ɗin a kai, ta nutse ciki har gefe. Hajja ta kawo wani ƙyalle mai ado ta lulluɓa bayanta da gefunanta, fuskar kawai ta bari. Ta rufe taga don hasken rana kada ya dame idon Malam. Sannan ta fita ta dawo da kaskon bahur yana tiriri, ta zagaya ɗakin, ta zo ta kara shi dab da na'urar tana kaɗa hayaƙin da hannu zuwa cikinta, fanka kuma tana zuƙa. Na ga ƙofar iska a toshe da auduga, na ga inda danƙon nan ke fitowa. Gani ya kori ji.

"Baba, me ya sa a kan matashi?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ake alwala. "Ai Littafi nake buɗewa a cikinta, ɗana. Abin da ke ɗauke da Alƙur'ani a ajiye shi a teburin da ake ɗora kofin shayi?"

"Hajja, turaren fa?"

"Kai Haruna, kamar ba a gidan Hausawa aka haife ka ba. Jikata za ta shigo ɗaki daga wata ƙasa, in tarbe ta babu turare?"

Ga ciwo na gano, ga magani a bakina, amma ba ya faɗuwa. Ku da kun ce, "Cire matashin, ya Hajj," ku wuce. Da na faɗi haka da ya ce to, don kunya, in na tafi ya mayar da abinsa, don a ganinsa gara na'ura ta mutu da a wulaƙanta Littafi. Wannan ɓangaren aikin babu mitar da ke auna shi. Na bari aka fara karatu, Amna ta bayyana da 'yan kitsonta biyu, ta gaida kakanta, ta fara biyawa. Ba su yi nisa ba fanka ta fara kuka, fuskar ta yi baƙi. Na kama hannun Faki na zura shi tsakanin matashin da gindin na'urar. Ya fizge da sauri.

"Subhanallah! Ai wannan a gasa gurasa a kai."

"Numfashi take nema, Baba. Hancinta a ƙasa yake. Kuma ni in an tambaye ni, matashi wurin kai ne, mutum ya yi barci a kansa har da yawu. Littafi kujerarsa ta katako ce, haka muka taso muka gani a gabanka."

Ya kalle ni, ya yi dariya har da tari. "Ɗan tela ya zo yana yi mini fatawa a ɗakina."

Washegari na je wurin wani kafinta a unguwar, na zana masa abin da nake so a ƙasa da tsinke: 'yar kujera irin wadda ake ɗora Alƙur'ani, amma samanta sanduna ne a jere da tazara don iska ta wuce, kuma ta fi matashin nan tsayi. Wannan tsayin shi ya gamsar da Faki. Hajja ce ta ba ni wuya. Muka yi ciniki kamar a kasuwa, daga ƙarshe ta yarda za ta turara ɗakin tun kafin a kunna na'ura, ta buɗe taga, ƙyallen kuma sai an kashe za a lulluɓa. Ta ce, "Malesh, ba komai, na ji. Amma ka sani ba a son raina ba."

Ranar da aka gwada kujerar na zauna har ƙarshe. Aka yi karatu aka shafa, na'ura shiru sai ɗan hucin fanka. Sai hira ta ɓarke. Ya tambaye ta me ta ci, ta ce samak, ya ce a gidan nan kifi ake ce masa, ta maimaita tana dariya. Ta ce masa gemunsa ya yi kama da na akuya, ya ce zai zo Maskat ya cinye mata littattafai. Hajja ta turo kanta gaban fuskar ta fara mata tatsuniya, yarinyar tana amsawa da Hausarta mai ɗingishi, in kalma ta ɓace mata ta cike da Larabci, su kuma su miƙa mata ta Hausa. Usman ya leƙo ta bayanta ya ce mini, "Tamam, ya Usta," wato ya yi daidai, ya bar maganar malamin masallaci. Na koma gida ranar ina jin daɗin da ban taɓa ji a kan wani gyara ba. Daga nan duk bayan 'yan watanni Faki yakan aiko da ita in share fanka, kuma duk zuwa sai an gaya mini surar da Amna ta kai.

Sai shekarar da kuka sani ta zo, shekarar yaƙi. Cikin azumi ne, da safe, muka ji harbin da muka ɗauka na kwana biyu ne. Na bar shago da na'urorin mutane jere a kanta, kowacce da sunan mai ita a jiki, kayan aikina a kan tebur yadda na bar su jiya. Ban sake hawa matakalar nan ba sai bayan da komai ya lafa, kuma da na sani da ban hau ba. Babu ƙofa, babu kanta, har wayoyin wuta an zare daga bango. Sukundireban Usta na nema a cikin tarkacen, ban same shi ba. Tun a watannin farko na kwashe iyalina muka bar Hajj Yusuf muka zagayo zuwa arewacin Umdurman, wurin surukaina. A nan na koma cajin wayoyi da farantin hasken rana, ni da na yi shekaru ina buɗe cikin kwamfuta. Daga baya na samu teburin nan, na fara tara gawarwakin na'urori ina cire na wannan ina sa wa wancan, don sabon sashe babu mai kawo shi. Labarin Faki kuwa ya yanke mini. Na dai ji ya ƙi fita daga gidansa, kuma can ɓangaren babu wuta babu shabaka, wato layin waya, sai dai mutum ya yi doguwar tafiya ya biya a ba shi intanet na ɗan lokaci, ya aika wa nasa cewa yana raye.

Kwanakin baya ina sunkuye a kan wata waya na ji an ce, "An ce hakim ya sauko ƙasa, ya huta da matakala." Na ɗaga kai. Ya rame har jallabiyarsa tana yawo a jikinsa, amma shi ne, rungume da abu cikin sallaya. Tambaya ya yi ta yi a wurin Hausawa har aka kwatanta masa inda nake, ya hau mota ya ƙetaro ruwa. Na rungume shi. Na tambayi Hajja. Ya ce ciwon sukari ne, magani ya yanke, ta rasu a shekarar farko. Ita ce ta naɗe laftof ɗin cikin leda ta sa a tsohuwar tukunya, suka binne a ƙasan madafa tun kafin masu shiga gidaje su iso layinsu. Kujerar katakon kuma an hura wuta da ita lokacin da gawayi ya ƙare.

"Na tono ta, ta kama, amma ta koma halinta," in ji shi. "Usman ya ce in an gyara za su kira. Ina so mu ɗora daga inda muka tsaya."

Na kunna ta, ta yi shuɗi tun ba ta gama tashi ba. Wannan ba zafi ba ne, na'urar ko ɗumi ba ta yi ba. Na kwance ta. Ina ɗaga murfin ƙamshin bahur ya taso, ashe Hajja ba ta taɓa daina abinta ba, ragewa kawai ta yi. Faki ya ji shi, ya kawar da kai ya kalli titi, ni kuma na ci gaba da aikina. Batir ya kumbura, na cire shi gaba ɗaya. Ƙaramin batirin agogo ya mutu, na sa wani. Haƙoran ram duka biyu danshin ƙasa ya sa sun yi kore. Na goge su da robar fensir har suka yi haske, na gwada ɗaya ɗaya. Na farko ya tashi, na biyu ya sake kawo shuɗi, na jefar da shi na zaro wani daga wata gawa. Had ya fara ƙas-ƙas, na kwashe abin da ke ciki a hankali na mayar a wani. Na ɗora ta a kan guntayen katako biyu na bar ta tana aiki tun hantsi har azahar ta wuce. Ta tsaya daram.

Bayan la'asar na jona ta da wayata muka kira Maskat. Faki ya gyara hularsa, ya share gemu da hannu. Usman ya fara bayyana, suka gaisa, ya yi kuka, uban ya ce ya isa haka. Sannan ya kira Amna. Wata doguwar yarinya ce ta zo ta zauna, da mayafi, har na yi zaton wata ce. Ta gaida kakanta da ladabi, da Larabci. Usman ya ce a bara ta sauke a wurin malamin masallaci, ba yadda za su yi, ba su san yaushe hanya za ta buɗe ba. Faki ya ce masha Allah, ya sa ta biya masa, ta biya da murya mai daɗi babu kuskure ko ɗaya. Ya sa mata albarka. Sai ya matso kusa da fuskar, ya sassauta murya yadda yake mata da, ya ce, "To, 'yar gidan nan, ba ni labari. Kin yi kewar tsohon nan kuwa?"

Ta yi murmushi, ta ɗan jira, sannan ta juya wajen ubanta. "Baba, jiddu gal shinu?" Wato, me kaka ya ce.

Faki ya gyara zama. Kafin Usman ya buɗe baki, shi da kansa ya maimaita tambayar da Larabci, tsabtatacce irin na malamai. Ta amsa da fara'a cewa ta yi kewarsa sosai, kuma na yarda da gaske take. Suka yi hira mai tsawo, ya tambayi makaranta, ta nuna masa ɗakinta. Ni ina gefe tafina a gindin na'urar, sanyi ƙalau, fanka tana juyawa yadda ya kamata. Ban taɓa yin gyara mai kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki a kan aikin hannuna kamar ranar ba.

Da suka yi sallama ya daɗe yana kallon fuskar da babu kowa a ciki. Sannan ya ce, "Haruna, babu wani abin da za ka sake buɗewa ka duba?"

Sukundireba yana hannuna. Na ce, "Baba, kwamfuta lafiyarta ƙalau."

"Na sani, ɗana," in ji shi, yana jawo sallayar zai naɗe ta. "Na sani."